Ƙyauren lambu ba ya ƙara tsawo, a daina yanke masa ƙasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu, ko da yake na san abin da na zo da shi ba zai yi gogayya da labaran shafin farko ba. Maganar ƙyaure ce, ƙyauren ƙofar lambu da ke jan ƙasa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ranar Talatar da ta wuce na leƙa ta saman shinge na hangi maƙwabcina a tsugune, zarto a hannu, ya riga ya ja layi da fensir a ƙasan ƙyaurensa zai yanke. Na ce masa, "Alhaji, don Allah dakata." Ya ɗago yana dubana da mamaki. Bai san na riga shi yin wannan aika-aikar ba, har sau biyu.

Shekara 31 na yi ina koyar da lissafi a sakandare. Da na ajiye alli sai na killace ɗan fili a bayan gida na yi lambu, na kira kafinta ya haɗa mini ƙyaure na katako. Faɗinsa santimita 120, tsakanin katakon kwance na sama da na ƙasa santimita 90, aka jera falankai a tsaye aka buga, aka kuma gicciya wani katako daga kusurwa zuwa kusurwa. Ranar da aka rataya shi, da yatsa ɗaya nake tura shi ya rufe, sakata ta faɗa raminta ba gardama. Damina ɗaya ta wuce lafiya. A ta biyu sai sakata ta fara saɓa wa raminta, sai na ɗan ɗaga kafin ta shiga. Kafin rani ya ƙare na ƙware a wata dabara: in cusa ƙafa a ƙarƙashin ƙyauren in cira shi sama, hannu ɗaya riƙe da bokitin ban ruwa, ɗayan yana laluben sakata. Bakin ƙyauren kuwa ya zana mini rubu'in da'ira a ƙasa, tsaf kamar da kamfas. Da ɗalibi ne ya zana da na ba shi cikakken maki.

Sai na yi abin da kowa ke yi. Na aro zarto na rage santimita 3 daga ƙasan falankan, ƙyaure ya koma shawagi, na wanke hannu ina jin na gama da shi. Wata huɗu bai cika ba ya sake kama ƙasa. Na sake yanka. A wannan karon giɓin da ya buɗe ta wajen hinji ya isa ɗan akuya ya kurɗa, kuma ya kurɗa ɗin, ya share mini dashen sati shida da safiya ɗaya. Gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Ina tsaye ina faɗa da akuyar da ba ta san ina yi ba, sai uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wai itacen da aka sare ya bushe, yana ƙara tsawo ne da kake ta rage shi?"

Ban ba ta amsa ba, don ba ni da ita. Gaskiya ne katako kan kumbura in ya sha ruwa ya kuma tsuke in ya bushe, amma a faɗinsa da kaurinsa yake wannan motsi. A tsawonsa abin da yake yi bai taka kara ya karya ba. Falankan nan da ke tsaye ba su ƙaru da ko rabin santimita ba. Wani abu ne ke sauka da su, ni kuma ina bin su da zarto, na bar shi yana ta saukarsa.

Washegari na sa jikana ya kama bakin ƙyauren ta wajen sakata, ya riƙa ɗaga shi yana saki a hankali, ni kuma na tsuguna ina kallon abin da ke motsi. Wannan gwajin shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin ba ya cin ko minti biyu. In ginshiƙin da ƙyauren ke rataye a jikinsa ne ke rangaji, to ciwon a cikin ƙasa yake. In ginshiƙi na tsaye ƙyam amma hinji na ɗagowa daga jikin katako yana komawa, to sukurori ne suka saki. In kuwa duka biyun lafiya lau, sai kusurwoyin ƙyauren ne ke buɗewa suna rufewa, to ƙyauren kansa ne ya goce. Nawa ginshiƙinsa bai motsa ba. Hinjin sama yana ɗan wasa. Kusurwoyi kuwa sai ka ce bakin almakashi.

Na ɗauko tef na auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta nan da ta can. Firam mai 120 da 90, in kusurwoyinsa daidai suke, dole kowane giccin ya ba da 150. Wannan ita ce ƙa'idar 3, 4, 5 da na yi shekara da shekaru ina rubutawa a allo, magina ma da ita suke fitar da kusurwar gini. Nawa ɗaya ya ba da 152 da ɗoriya, ɗayan 147 da rabi. Bakin ƙyauren ya sauka da santimita 4 ke nan, ban da abin da hinji ya ƙara.

A nan ne kunya ta kama ni, domin dalilin yana cikin darasin 'yan aji ɗaya. Ka haɗa sanduna huɗu da ƙusa ɗaya a kowace kusurwa, ka matsa, za su goce ba tare da ko ɗaya ta karye ba. Ka haɗa uku ka matsa, ba inda za su je, sai dai ka karya ɗaya. Alwatika ba ta sauya siffa matuƙar tsawon gefunanta bai sauya ba. Shi ya sa ake gicciya tokara a ƙyaure, don ta raba shi gida biyu, kowanne alwatika. Kafintana ya san da haka, ya sa tokara. Abin da ya yi shi ne ya sa ta a juye: kanta na sama a wajen hinji, ƙafarta a ƙasa wajen sakata.

Mutane da yawa za su ce ai gicci gicci ne, ko ta ina ya bi. Ba haka ba ne a katako. Ka dubi ƙyaure yayin da bakinsa ke sauka. Kusurwar sama ta wajen sakata tana matsowa kusa da kusurwar ƙasa ta wajen hinji, wato wannan giccin gajarta yake yi. Ɗaya giccin kuma, daga saman hinji zuwa ƙasan sakata, tsawo yake ƙarawa. In ka sa katako a giccin da ke son gajarta, ƙafarsa a ƙasa jikin hinji, kansa a sama wajen sakata, to nauyin ƙyauren zai riƙa danna shi ne, katako ya tokare katako, kamar yadda mutum ke tokare bangon da zai faɗi. Ko ƙusoshi sun yi sanyi yana nan a matse, nauyin ma ƙara matse shi yake yi, ya gangarar da kayan zuwa hinjin ƙasa da gindin ginshiƙi inda ƙarfi yake. In ka sa shi a ɗaya giccin, ja ake yi masa, kuma ba abin da ke riƙe da shi sai ƙusoshi biyu ko uku a kowane kai. Damina ta kumbura katako, rani ya tsuke shi, ramin ƙusa ya ƙara faɗi, a hankali tokara ta zama ado. Tawa da na ɓamɓare ta, da hannu na zare biyu daga ƙusoshin.

Ban ga laifin kafintan sosai ba. Yaro ne, aikin tebur da kujera ya saba, kuma ina tsaye a kansa ya buga ta ban ce uffan ba. Har yaba masa na yi.

Waya kuwa akasin katako ce. Ba ta iya tokare komai, ja kawai take iya jurewa, saboda haka ita wurinta shi ne giccin da ke ƙara tsawo: daga sama wajen hinji zuwa ƙasa wajen sakata. Ana sayar da irin wannan waya ta ƙarfe tare da wani ɗan ƙarfe mai zare a kai biyu da ake sawa a tsakiya, in ka murɗa shi ya jawo kawunan wayar su matso. Wanda ƙyaurensa ya goce kuma ba ya son ya kwance shi, wannan ce hanya mafi sauƙi, yana murɗawa yana kallon bakin ƙyauren yana tashi. Sai dai a riƙa tunawa da wane ne ke bin wane gicci. Na taɓa ganin inda aka ɗaura wayar a wurin katako, kullum tana lilo a sake, mai ita yana ta murɗa ƙarfen yana ƙara jawo bakin ƙyauren ƙasa da hannunsa.

Ga yadda na gyara nawa. Ban sauke shi ba. Na rufe shi, na cusa guntun katako a ƙarƙashin bakinsa ina bugawa da guduma har giccin biyu suka dawo 150, sannan na ƙara ɗaga shi da kamar santimita 1, domin na san in an zare abin da ya tallafe shi sai ya ɗan zauna. Na ɗora sabuwar tokara a kan firam ɗin na zana kusurwoyinta a wurin, maimakon in auna da tef in je in yanke, na kuma yanke ta da ɗan tsawo kaɗan yadda sai da guduma ta shiga. Tokarar da ta shiga da sauƙi ba ta fara aiki sai ƙyaure ya riga ya sauka ya cike giɓin. Sannan na ɗaure kowane falanki a jikinta da sukuru. Abu ɗaya ya dame ni: ƙyaurena ya fi faɗi a kan tsayi, don haka tokarar ta ɗan kwanta, ba ta kai digiri 45 ba, alhali tokara ta fi ƙarfi in ta miƙe. Shi ya sa na ƙara mata waya a ɗaya giccin. Mai ƙyaure mai faɗi sosai gara ya sa katakon tsaye a tsakiya ya yi tokara biyu gajeru, duk su karkata ta fuska ɗaya.

Sai hinji. Bari in ɗan yi lissafi, tsohuwar sana'a ba ta barin mutum. Na ɗora ƙyauren makwabcina a sikeli da muka sauke shi, girmansu ɗaya da nawa, ya ba da kusan kilo 30. Tsakiyar nauyinsa na nesa da ginshiƙi da santimita 60, tsakanin hinji da hinji kuma 90. Ka ninka 30 da 60 ka raba da 90, ka sami 20. Ma'ana, dare da rana akwai ƙarfin da ya kai nauyin kilo 20 yana fizgar hinjin sama daga jikin ginshiƙi, irinsa kuma yana danna na ƙasa ciki. Wannan ne dalilin da ya sa kusan kullum hinjin sama ke fara saki. In aka matso da hinjin biyu kusa da juna, tsakaninsu ya koma 45, fizgar ta zama kilo 40 a kan ƙyaure ɗaya. Don haka a raba su iya yadda firam ya ba da dama. Yanzu ka ɗora yaro mai kilo 25 a can bakin ƙyauren yana lilo: 25 sau 120 a raba da 90, ƙarin kilo 33 ke nan, ya fi abin da ƙyauren kansa ke ja. Jikokina uku ne, kuma na sha ganinsu a kai su biyu, na ukun yana turawa.

Hinjin da aka sa mini irin ƙananan nan ne na ƙofar ɗaki, da sukurori gajeru, wasu ma ƙusa aka buga a madadinsu. Na sauya su da masu dogon hannu da ke kwanciya a kan katakon kwance, tsawon hannun ya kai sulusin faɗin ƙyauren. A kan katakon kwance za a ɗora su, kada a ɗora a falanki, falanki sutura ce kawai. Na huda katakon har ya fita ta baya na zura bol, na sa washa na ɗaure da noti, aƙalla ɗaya a kowane hinji. Sukuru da zarensa kawai yake riƙe da naman katako, bol kuwa sai dai ya tsaga katakon gaba ɗaya. Tsofaffin ramukan da suka yi faɗi na fere 'yan itatuwa na shafa musu gam na cusa, suka kwana, sannan na sake hudawa. A nemi ƙarfen da aka yi wa rufin hana tsatsa, musamman in katakon irin wanda aka jiƙa da maganin ƙwari ne, domin yawancin magungunan nan akwai jan ƙarfe a cikinsu, kuma yana saurin cinye ƙusar da ba ta da rufi.

Mai ƙyauren ƙarfe kada ya ce wannan magana ba tasa ba ce. Nasa ma yana sauka, sai dai a wurin walda yake tsagewa, ko sandar hinji ta cinye saboda rashin giris. In cinyewa ce, sau da yawa washa ɗaya ko biyu da aka zura a sandar sun isa su ɗaga shi. In ginshiƙin bututu ne a toshe bakinsa na sama, don ruwa na taruwa a ciki ya ci shi daga gindi ba wanda ya gani.

To, in koma kan maƙwabcina. Da na karɓe zarton na shiga ba shi labarin tokara da alwatika, har na fara jin daɗin muryata kamar ina gaban aji. Ya bar ni na gama, sannan ya nuna mini ƙyaurensa. Tokararsa daidai take, ƙafa a hinji, kai a sakata. Muka auna gicci, duka 150. Na ce ya ɗaga bakin mu gani. Yana ɗagawa sai ginshiƙin gaba ɗaya ya yi baya, ƙasar gindinsa ta buɗe baki. Da na bi ra'ayina ban gwada ba, da mun ɓata yini muna gyaran abin da lafiyarsa ƙalau.

Na ɗaure ɗan dutse a zare na sake shi daga kan ginshiƙin, muka ga kansa ya karkata da santimita 3 zuwa cikin ƙofa. Karkatar da ido ba ya ko kamawa, amma ginshiƙin da ke da tsayin 120 a sama da ƙasa, in kansa ya goce da santimita 1, bakin ƙyaure mai faɗin 120 zai sauka da santimita 1 cif. In ƙyauren mita 3 ne, saukar ta kai 2 da rabi. Muka tona. Santimita 35 kacal aka binne, ba kankare, ƙasa aka mayar aka tattake. Na soka sukundireba a daidai inda katakon ya haɗu da fuskar ƙasa, ta nutse kamar a soso. Nan ne ginshiƙi ke fara ruɓa, domin nan ne danshi da iska suke haɗuwa, gara ma ta nan take samun hanya. Sama lafiya, can ƙasa ma da sauran ƙarfi, wuyan ne ya tafi.

Abin da aka saba bi shi ne a binne sulusin tsawon ginshiƙi, mai 180 a sa 60 a ƙasa, na ɓangaren hinji kuma in an ƙara masa ba a yi asara ba, shi ke ɗauke da kayan duka. Muka sami sabo mai kaurin santimita 10, muka haƙa rami mai faɗin 30, zurfin 75. Muka zuba tsakuwa kamar santimita 10 a ƙasan ramin don ruwa ya sami wurin tsiyayewa, kada gindin katakon ya zauna a cikin kwano. Kan katako inda aka yanke shi ne ke zuƙar ruwa fiye da ko'ina, don haka muka shafe gindin da kwalta har ya haura fuskar ƙasa da taƙi guda, kansa na sama kuma muka yanke shi a karkace. Kwaɓin kankaren siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Muka tsayar da shi da zaren nan mai dutse ta fuska biyu, domin ginshiƙi kan miƙe ta gaba ya karkace ta gefe, muka tokare shi da katako biyu, muka ɗaga saman kankaren ya ɗan haura ƙasa muka gangarar da shi waje don kada ruwa ya kwanta a wuyan.

Alhaji ya so mu rataya ƙyauren da yammar ranar, awaki na damunsa. Na hana. Kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfin da ake lissafa masa, a sati na farko yake samun mafi yawansa, kuma yana son a riƙa yayyafa masa ruwa a kwanakin nan. Ka rataya kilo 30 a kan ɗanyen kankare, ka karkatar da ginshiƙinka da hannunka, ya kuma daskare a haka.

Na ba shi shawarar wani ƙaramin abu da na yi wa nawa, wanda ina ganin ya fi duk sauran arha da amfani. Na kafa guntun dutse mai faɗi a gindin ginshiƙin sakata, daidai yadda in an rufe ƙyauren bakinsa zai hau ya zauna a kai. Ƙyauren lambu a rufe yake kwana, a rufe yake wuni, buɗewarsa ba ta fi ta 'yan mintoci ba. Muddin yana zaune a kan dutsen nan, hinji da tokara hutawa suke yi. Wanda ke barin ƙyaure a buɗe yana reto, iska na buga shi, shi ke tsufar da shi da wuri. Ƙasan ƙyauren kuma a bar masa kamar santimita 5 tsakaninsa da ƙasa tun ranar ratayawa, a duba har inda yake buɗewa, don wani wurin ƙasar tudu take yi.

Nawa yau shekara huɗu da gyara. Duk ƙarshen damina nakan bi notocin da sifana, in murɗa ƙarfen wayar rabin zagaye in ta yi sanyi, in ɗiga mai a hinji. Falankan da na yanke suna nan da gajartarsu, na buga wani katako a kwance na toshe giɓin, duk wanda ya shigo sai ya tambayi dalilinsa, uwargida kuma ba ta gajiya da ba da labarin. Na Alhaji yana jingine a bango, mun toshe ƙofar da tsohon kwano da duwatsu biyu. Layin fensirin na nan a ƙasansa, ya ce ba zai goge ba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu rataya.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin lissafi